Jirage Biyu a Mashigin Yawuri

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwa da kuɗi a aljihu ya san cewa zaɓi tsakanin mai kyau da marar kyau ba ya cin lokaci, domin ido kaɗai ya isa alƙali. Inda hankali yake rabuwa biyu shi ne a ajiye wa mutum abubuwa biyu masu kama da juna kamar an tsaga kara, kowanne da abin yabonsa, kuɗinsu kuma kusan ɗaya, sannan a ce ya ɗauki guda. Masu iya magana sun ce kama da wane ba wane ba ne, to amma gano inda kamar ta tsaya shi ne aikin. In hula ce ko takalmi, da sauƙi: wanda ya yi zaɓen tumun dare ya yi asarar 'yan kuɗi, gobe ya sake. Jirgin ruwa kuwa ba haka yake ba, domin abin da za a ɗora masa rayuka ne, ruwa kuma ba ya karɓar uzuri.

Mu mutanen Yawuri ne, kuma duk ɗan Yawuri da kogin Kwara ya buɗe ido. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a shekarar 1968, kogin da kakanninmu suka sani ya sauya kama. Ruwa ya taru ya zama tabki mai tsawon fiye da kilomita 130, faɗinsa kuwa a wuri mafi faɗi ya kai kilomita 24. Tsohon garin Busa ya nutse, tare da duwatsun da suka halaka jirgin Bature Mungo Park a 1806, aka tashi mutane fiye da 40,000 daga gidajensu aka sake musu matsuguni. Daga cikinsu har da Gungawa da yawa, mazauna tsibiran da muke kira gungu. Garinmu Yelwa yana can kan tabkin ta arewa, inda ruwan yake matsewa ya koma kogi, ga tsibirai, ga yashi, ga ciyayi.

Mu uku ne maza a ɗakinmu, kuma mun daɗe da burin mallakar ƙaramin jirgi mai inji. Ba don fito ko su muke son sa ba. So muke mu samu abin da za mu riƙa fita shan iska da iyali in an yi hutu, mu kai ziyarar Sallah ga dangin mahaifiyarmu da suke tsallake, mu jefa fatsa ko Allah zai haɗa mu da ƙarfasa ko giwan ruwa, in lokacin bikin Rigata ya zo kuma mu yi kallo daga kan ruwa. A ƙarshen 2023 kuɗin da muke tarawa suka kai, sai kuma aka yi dace jirage biyu suka fito kasuwa a lokaci guda, a mashigi guda. Da yake ni ne nake zaune a gida, 'yan'uwana suka ɗora mini nauyin dubawa, da sharaɗin cewa ba za a biya ba sai bakinmu ya zo ɗaya.

Wanda ya hango jiragen nan daga nesa zai rantse uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Dukkansu na faiba ne, wato zaren gilashi da ake haɗawa da wani irin danƙo a zuba a ma'auni ya daskare. Tsawon kowanne ƙafa 19, kowanne yana ɗauke da injin da ake ratayawa a baya mai ƙarfin doki 40, kowanne an yi masa kujeru na mutum takwas. Bambancin kuɗinsu bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Na farko fari ne mai ratsin shuɗi, wani ɗan kasuwa ne ya ɗauko shi daga Legas. Yana da sitiyari irin na mota, da rumfa, da kujeru masu laushi. Na biyu kore ne, fentinsa ya ɗan kwanta, wani ɗan kwangila ne ya yi aiki da shi a tabkin, da aikin ya ƙare ya sa shi a kasuwa. Kujerunsa benci ne, kuma da hannun inji ake tuƙa shi, matuƙi yana zaune a baya. Don sauƙin bayani zan riƙa kiran su Fari da Kore, kamar yadda muka riƙa kiran su a gida.

Babban yayanmu, tun da ya ga hoton Fari a waya, ya ce magana ta ƙare. Hujjarsa ita ce, wanda zai sayi abin shaƙatawa ai abin da zai faranta masa rai yake nema, kuma ba a kashe irin wannan kuɗi a kan jirgin da ba za a bambanta shi da na masu fito ba. Ban ga laifinsa ba, domin ni ma idona a kan Fari ya fara sauka. Ƙanenmu kuwa ya ce shi ɗan kallo ne, duk wanda aka ɗauka daidai ne, muddin za a bar shi ya yi tuƙi.

Sanin kowa ne cewa kowa ya ƙi tambaya ya sha ɓata. Saboda haka na nemi wani dattijo Basarke, abokin marigayi mahaifinmu, wanda ya shafe fiye da shekara arba'in yana fito a wannan ruwa, tun zamanin filafili har zuwan inji. Na roƙe shi ya raka ni, ya amsa. Da muka isa mashigi na nufi wajen kujeru da rumfa, shi kuwa bai ko dube su ba. Cewa ya yi a jawo jiragen bisa yashi a karkata su, yana son ganin gindinsu.

"Malam," in ji shi, "abin da ke sama naka ne, abin da ke ƙasa na ruwa ne. Bari mu fara jin ra'ayin ruwa."

A nan ne bambanci na farko ya bayyana. Ƙasan Fari tsini gare shi tun daga goshi har baya, kamar an kifa rufin ɗaki. Ƙasan Kore kuwa tsininsa a goshi kaɗai yake, daga tsakiya zuwa baya ya baje kamar faranti, kuma ya ɗara Fari faɗi da rabin ƙafa. Kowane irin gini da amfaninsa. Jirgi mai tsinin ƙasa yana yanka igiyar ruwa ya wuce, mutanen ciki ba sa jin duka a ƙugunsu, ruwa kuma ba ya yawan fallatso musu. To amma yana nutsa sosai, yana bukatar ruwa mai zurfi, kuma in ya tsaya cak sai ya riƙa rangaji, musamman in mutane suka taru a gefe guda. Mai shimfiɗaɗɗen ƙasa kuwa yana tafiya a ruwan da bai kai gwiwa ba, in ya tsaya kuma kamar dakali yake, amma da zarar iska ta taso ya shiga dukan igiyar ruwa da ƙirji, kowa na ciki sai ya ji a jikinsa. Ke nan babu wanda ya fi wani a ko'ina. Tambayar ita ce, a wane ruwa za a yi amfani da shi?

Ruwanmu kuwa yana da halinsa. Sau biyu Kwara take kawo ruwa a shekara. Akwai farin ruwa, mai laka, wanda damina ta kusa take kawowa daga wajen Agusta zuwa Oktoba. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ya taso tun daga duwatsun ƙasar Gini, ya ratsa fadamun Mali ya zubar da lakarsa a can, ba ya isowa gare mu sai cikin sanyi, wajen Disamba zuwa Fabrairu. Bayan nan sai tabki ya shiga ja da baya, saboda ana ta sakin ruwa a madatsa don samar da wutar lantarki, har ya sauka da kusan mita goma kafin sabon ruwa ya zo. Wurin da ka wuce a guje a watan Janairu, in ka koma a Yuni sai ka tarar da shanu suna kiwo. Daɗin daɗawa, dajin da ruwa ya cinye a 1968 bai tafi ko'ina ba. Kututturan itatuwa suna nan tsaye a ƙarƙashi, ruwa yana ja suna matsowa sama, kuma su ne manyan abokan gaban jirage a wannan tabki. Ga kainuwa mai naɗe farfela, ga tarun masunta, ga dorina a wasu lunguna wadda ba a yi mata gardamar hanya.

Na tambayi dattijon, "To Baba, in kai ne, wanne ya fi?"

Ya ce, "In a Wara kake zaune, ko can ƙasa inda ba ka hango tsallake, Fari zan ce ka ɗauka, domin can igiyar ruwa ce abin tsoro. Amma kai ina za ka? Gidan kawunnanka. Hanyar nan rabin shekara yashi ce da kututture."

Daga nan ya ciro ɗan ƙaramin guduma daga aljihu ya shiga ƙwanƙwasa jikin jiragen, yana kasa kunne kamar mai zaɓen tukunya. Ya fi daɗewa a allon baya, inda ake rataya inji. Ashe a yawancin jiragen faiba wannan allo katako ne a ciki, aka lulluɓe shi da faiba. In ruwa ya samu kafa ta ramin ƙusa ya shiga, katakon yakan ruɓe a ɓoye, waje yana ƙyalli, sai ranar da inji ya yi ƙarfi allon ya tsage. Lafiyayyen allo ƙara yake yi tsaf, ruɓaɓɓe kuwa sai a ji shi dum, kamar an bugi buhun dusa. Ya kuma ɗaga ƙafar kowane inji ya danna da ƙarfinsa ya ga ko allon zai motsa. Alhamdu lillahi dukkansu biyu suka tsallake wannan jarrabawa. Kore yana da faci guda a gefen hagu, amma dattijon ya shafa ya ce aikin mai hankali ne, kuma facin da aka nuna maka ya fi wanda aka shafe da sabon fenti.

Bambanci na biyu a inji yake, kuma shi ne ya fi ɗaukar mana lokaci. Duk da ƙarfinsu ɗaya, aikinsu ba ɗaya ba ne. Injin Kore mai bugu biyu ne, irin wanda ake gauraya masa baƙin mai da fetur a tanki guda, kamar tsohuwar Vespa ko ƙaramin janaretan nan na masu shago. Ma'aunin da aka saba shi ne kashi ɗaya na baƙin mai a cikin kashi hamsin na fetur, wato rabin lita a tanki mai lita 25. Injin Fari kuwa mai bugu huɗu ne, irin na mota, baƙin mansa yana wurinsa daban, sai dai a juye a sake in lokaci ya yi. Mai bugu huɗu ba ya hayaƙi, ba ya ƙara, har mutum ya yi hira da na kusa da shi ba tare da ɗaga murya ba, kuma ya fi tattalin mai nesa ba kusa ba, domin mai bugu biyu na tsohon yayi yakan fitar da wani kaso na fetur ta salansa ba tare da ya ƙone ba. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, ganin yadda kuɗin fetur ya ninka bayan an janye tallafi a watan Mayun 2023. Yayanmu ya riƙe wannan hujja gam, kuma hujja ce ta gaskiya.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Mai bugu huɗu na wannan girma nauyinsa ya kusa kilo 100, mai bugu biyu kuwa bai wuce kilo 75 ba. Mutum biyu za su iya kwance na Kore su kai shi gida a amalanke, abin da yake da muhimmanci ga jirgin da zai riƙa kwana a mashigi mako biyu ba a taɓa shi ba. Sannan ga maganar gyara. Na kira bakaniken da yake duba injinan masu fito, ya buɗe murfin na Kore ya yi murmushi, ya ce irinsa ne a bayan kusan kowane jirgi daga nan har Sabuwar Busa, fulogi da kafireto da farfelarsa duk akwai su a kasuwa, ko a tsakiyar ruwa ya tsaya matuƙi mai sifana biyu zai iya tayar da shi. Da ya buɗe na Fari kuwa sai ya daɗe yana kallo. Ya ce inji ne mai kyau, amma na'ura ce take raba masa mai, in ta samu matsala sai an sa kwamfuta an gano, kayansa kuma sai an aika Legas. Ya nuna mini wani farin gari da ya taru a kan kusoshi, ya ce wannan tabon ruwan gishiri ne, wanda yake cin ƙarfe a hankali har cikin hanyoyin da ruwa yake bi ya sanyaya inji. Bai ce injin ya lalace ba, ya dai ce abin da gishiri ya yi a ciki ba a sanin sa sai an kwance.

Wani abu kuma da na koya a ranar shi ne, da zarar an tayar da injin jirgi, abu na farko da ake dubawa shi ne ɗan siririn ruwan da yake tsartuwa daga bayansa. Wannan ruwa shaida ce cewa famfon roba da yake cikin ƙafar injin yana jawo ruwan sanyaya. In ya tsaya, to a kashe inji nan take, in ba haka ba ya ƙone cikin 'yan mintoci. Yashi da laka su ne suke cinye wannan roba, kuma jirgin da ya fi nutsa shi ya fi kai ƙafar injinsa kusa da yashi. Ashe maganar inji ma ta sake dawo da mu kan maganar gindin jirgi.

Da na kai wa Yaya wannan bayani ta waya, sai ya ce, "Duk na ji, amma ka lissafa kuɗin mai na shekara biyar ka gani."

Na ce, "To Yaya, zan lissafa, amma sai mun gwada su da kaya tukuna."

Gwajin jirgi fanko yaudara ce, domin kowane jirgi gwani ne in mutum biyu ne a ciki. Dattijon ya ba da shawara mu aro buhunan shinkafa daga masu sauke kaya a mashigi. Muka loda buhu tara masu kilo hamsin-hamsin a kowane jirgi, muka shiga mu biyu, wanda ya kama kusan nauyin manya takwas. Kafin a tashi ya sa hannu ya auna tazarar da ta rage tsakanin bakin jirgi da ruwa, a tsakiya da kuma a baya. A tsakiya Fari ya fi tsayin baki, amma a baya nauyin injinsa ya danne shi, har abin da ya rage bai kai na Kore ba. Daga nan ya sa aka tura buhu uku gefe guda, kamar dai yadda yara suke yi in wani ya ce ga dorina can. Fari ya karkata har sai da na kama ƙarfen rumfa. Kore ya ɗan sunkuya kaɗan ya tsaya.

Da muka fita sarari kuwa, inda iskar hunturu take kaɗa ruwa, sai labari ya sha bamban. Fari ya miƙe yana yanka ruwa sumul, babu ƙara, babu jijjiga, wallahi har na ji raina ya koma gare shi. Kore kuwa ya riƙa dukan ruwa, haƙora suna haɗuwa, sai da aka rage gudu sannan aka samu sauƙi. Muka juyo muka bi hanyar gidan kawunnanmu ta tsakanin tsibirai. Lokacin ruwa yana cike, duk da haka sau biyu matuƙin Fari yana ɗaga inji muna tura jirgi da gora. Kore ya wuce wuraren nan biyu bai ko taɓa ƙasa ba. Da muka dawo muka auna abin da ya rage a tankuna, muka tarar duk inda Fari ya sha lita biyu, Kore ya sha uku.

Na zauna da daddare na yi lissafin da Yaya ya nema. Mai fito da yake kan ruwa kullum daga safe zuwa yamma, bambancin lita ɗaya cikin uku shi ne ribarsa ko faɗuwarsa. Mu kuwa fitarmu ba za ta wuce sau biyu a wata ba, kowace fita kamar awa biyu inji yana aiki, wato wajen awa 50 a shekara. Rarar man da Fari zai yi mana a shekara guda, farfela ɗaya da kututture zai karya ta isa ta cinye ta, balle a haɗa da kuɗin aikowa da ita daga Legas da makonnin da jirgi zai yi a ɗaure ana jira. Na kuma gwada su da wani ma'auni da ake koya wa masu ƙananan jirage a Amurka: a ninka tsawon jirgi da faɗinsa a ƙafa, a raba da 15, abin da ya fito shi ne adadin mutanen da zai ɗauka in ruwa yana kwance. Fari mai faɗin ƙafa shida ya ba da bakwai da 'yan kai, Kore mai shida da rabi ya ba da takwas. Kujera takwas dai kowanne yake da ita, amma kujera ba ita take ɗaukar mutum a ruwa ba.

Duk wannan lissafi, abin da ya yanke magana daga ɗakin mahaifiyarmu ya fito. Ita 'yar gungu ce, a cikin kwalekwale ta girma, kuma tun da aka fara zancen ba ta ce uffan ba. Ranar da Yaya ya zo gida muka zauna gabanta, kowa ya kawo hujjarsa. Ta saurara har muka gama, sannan ta ce:

"Ni ban san inji ba. Amma ku faɗa mini, su wa za su shiga jirgin nan?"

Yaya ya ce, "Mu ne, Inna, da matanmu da yara."

Ta ce, "To yaro ba ya zama wuri ɗaya. Ku saya musu wanda in sun ruga gefe guda ba zai juye da su ba. Iska kuwa, ai ana ganin tasowarta. Wanda ya ga hadari ya shiga ruwa, ba jirgi ne ya cuce shi ba."

Maganarta ta yi nauyi a zukatanmu saboda abin da yankin nan ya gani. A ranar 26 ga Mayun 2021 wani jirgin katako da ya taso daga jihar Neja ɗauke da mutane fiye da 150 ya nutse kusa da Wara, a ƙaramar hukumar Ngaski, waɗanda aka ceto da rai ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. A ƙarshen Nuwambar wannan shekara kuma wani jirgi ya kife a Bagwai ta jihar Kano, kusan mutum talatin suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya. A duka biyun an ambaci lodin da ya wuce kima. Jirgin shaƙatawa ƙarami ne, amma dokar ruwa ɗaya ce a kan babba da ƙarami. Abin da Inna ta hango shi ne, haɗarin da yake tattare da Kore, wato igiyar ruwa, muna da ikon kauce masa ta hanyar zaɓen lokaci da wurin fita. Wanda yake tattare da Fari kuwa, wato rangaji da kututture, yana tare da mu a kowace fita, ko sama tana garau.

Yaya ya yi shiru na wani lokaci, sannan ya ce ya yarda, amma da sharaɗi biyu: a yi wa Kore rumfa, a kuma sake masa fenti. Muka ce mun ji. Ragowar kuɗin da aka samu, da abin da muka ƙara a kai, muka sayi rigunan kariya guda goma, huɗu daga ciki na yara, domin rigar babba in aka sa wa yaro zamewa take yi ta kansa in ya faɗa ruwa. Muka sayi anga da igiya, da filafili biyu, da gora, da bokitin kwarfe ruwa, da farfela ta ajiya. Muka kuma yi wa kanmu dokoki, aka rubuta aka manna a jikin benci. Mutum takwas ne iyaka, jariri ma mutum ne. Babu mai shiga sai da riga a jikinsa, ko da ya iya iyo. Ba a fita da dare, ba a kuma fita da yamma a farkon damina, lokacin da hadari yake tasowa daga gabas ba sallama. Man tanki kashi uku ne: ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya na ko-ta-kwana. Ƙanenmu kuwa bai taɓa hannun inji ba sai da ya yi wata biyu yana bin dattijon nan yana koyon hanya, domin taswirar kututturan tabkin Kainji a kawunan irinsu take.

Fari bai daɗe a kasuwa ba. Wani mutum daga can ƙasan tabki ya saye shi, kuma na tabbata ya yi zaɓi mai kyau, domin ruwansu mai faɗi ne mai zurfi, kuma ya fi mu kusa da masu gyaran irin injinsa. Har yau in iska ta same mu a sarari Kore ya shiga dukan ruwa, Yaya yakan dube ni ya ce, "Da Fari ne da yanzu shayi muke sha." Nakan ce, "Gaskiya ne, Yaya." In kuma muka shiga tsakanin tsibirai a watan Mayu, muna wuce kawunan kututture a hankali, yara suna leƙe ta wannan gefe su koma wancan, ba ya cewa komai, ni ma ba na tuna masa.

Abin da na fahimta daga wannan ciniki shi ne, in abubuwa biyu suka yi kama har ido ya kasa raba su, to a daina kallon su, a juya a dubi inda za su yi aiki da wanda za su yi wa aiki. Tambayoyin da suka raba mana gardama ba su wuce huɗu ba: wane ruwa za a bi, wa zai shiga, wa zai gyara in ya lalace, kuma sau nawa za a fita a shekara. Babu ko ɗaya daga cikinsu da mai sayarwa zai iya amsa wa mai saye. Amsoshin suna wurin dattijon da ya san ƙasan ruwa, da bakaniken da ya san abin da yake kasuwa, da tsohuwar da ta san halin jikokinta, kuma dukkansu babu wanda ya nemi ko kwabo kafin ya faɗa.